Kama da wane ba ta wane: yadda perf da 'yan uwansa ke gane wane gini suka auna

Akwai wata asarar lokaci da muka taɓa yi a wajen aiki wadda har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Muna da wata manhaja da ke zaune a kan sabar Linux tana karɓar buƙatun masu POS, irin yaran nan da ke zama ƙarƙashin lema a bakin Kantin Kwari da Sabon Gari, to ana saura 'yan kwanaki sallah sai abu ya fara ja, kuɗi ya fita daga asusun mutum amma risit ya ƙi fitowa sai an yi ta tsayuwa, waya kuwa ba ta daina ƙara ba tun safe. Wani ƙanena da muke aiki tare, yaro mai ƙwazo wallahi, ya ce Yaya bari na kunna perf a kan sabar mu ga ina firosesa take kashe lokacinta. Shi perf ɗin kayan awo ne na Linux da ke nuna wane ɓangare na manhaja ne ya fi cin lokacin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da daddare ya kunna, ya bar shi kamar minti biyu, ya kwafo fayil ɗin perf.data, inda perf ke zuba abin da ya auna, zuwa laftof ɗinsa, da safe ya buɗe.

Sakamako ya fito fes, ba wani kokwanto a ciki. Wai fankshin ɗin, wato guntun kod mai aiki guda, da ke rubuta kwanan wata a jikin risit shi ne ya cinye kusan rabin lokacin. Na ce anya? Ya juyo min da sikirin ya ce Yaya ga shi nan ai, ba ni na faɗa ba. Kwana biyu muka yi muna gyaran fankshin ɗin nan, muka sake rubuta shi, muka ɗora, ko gezau sabar ba ta yi ba. Sai a rana ta uku da yamma, muna zaune wuta ta ɗauke muna jiran a tada janareta, na tambaye shi wai ni kam bainarin da ka buɗe rahoton da shi, wato fayil ɗin manhajar da ake samu in an gina kod, daga ina ka samo? Ya ce ai babu shi a laftof ɗina, sai na jawo kod ɗin na sake gina shi na ajiye a irin folda ɗin da yake a sabar, ai abu ɗaya ne. To ashe tsakanin ginin da ke kan sabar da wanda ya yi, wani abokin aikinmu ya ƙara wasu layuka a cikin kod ɗin.

Kafin a gane me ya sa 'yan layukan nan suka yi mana wannan ɓarna sai an san abin da perf ke rubutawa a zahiri, don mutane da yawa suna ɗauka yana kallon manhaja ne yana karanta sunayen fankshin yana lissafawa. Bai san sunan kowa ba. Abin da yake yi shi ne ya riƙa katse firosesa, in ba ka canza masa ba wajen sau 4000 a daƙiƙa ɗaya, wasu kuma su sa masa -F 99 don kada fayil ya kumbura kuma kada bugunsa ya riƙa faɗuwa daidai da agogon wasu ayyukan, duk katsewa ɗaya sai ya duba a wane adireshi na memori firosesa take tsaye ya rubuta. Lamba ce kawai, irin su 0x55d3a41c72f0. Ka tara irin wannan dubu ɗari, shi ke nan kayan da ke cikin perf.data, sai 'yan bayanai na gefe. Sunaye sai daga baya ake liƙa su, lokacin da ka buga perf report, kuma sau da yawa a wata kwamfutar daban, a wata ranar daban.

Su kuma adireshin nan ba tsayayyu ba ne. Saboda tsaro, Linux da Windows da macOS duk suna baza manhaja a memori ne a wuri daban duk sanda aka kunna ta, abin da ake kira ASLR, don haka adireshin yau ba shi ne na gobe ba. Shi ya sa perf yake riƙe wani rubutu na biyu, duk sanda aka ɗora fayil a memori kanel, wato zuciyar Linux da ke kula da memori da manhajoji, zai sanar da shi cewa daga adireshi kaza zuwa kaza na fayil kaza ne, an fara daga wuri kaza a cikinsa, manhajojin da ya tarar suna gudana kuma sai ya karanto nasu daga /proc. Da wannan ake yin ragi a ce to wannan bugun ya faɗa ne a baiti na dubu kaza a cikin fayil ɗin. Daga nan sai a buɗe teburin sunaye na fayil ɗin, wanda jeri ne kawai da ke cewa daga nan zuwa nan fankshin wane, daga nan zuwa can fankshin wane.

Duk wanda ya taɓa neman gida a cikin gari da kwatance zai gane inda matsalar take. An ce maka in ka wuce masallaci ka shiga lungun hannun dama, gida na biyar. Wanda ya ba ka kwatancen bai yi ƙarya ba, sai dai bara aka yi rabon gado a gida na biyu aka tsaga shi aka fasa sabuwar ƙofa, yanzu in ka ƙirga biyar a ƙofar maƙwabci za ka tsaya. Kuma abin takaicin shi ne za ka yi sallama a amsa maka, mutum zai fito, ba kango za ka tarar ba balle ka yi zargin ka ɓata. Haka teburin sunaye yake, kusan duk lambar da ka ba shi a cikin sashen kod za ta faɗa cikin wani fankshin, sai ya ba ka suna cikin natsuwa. Layukan da abokin aikinmu ya ƙara sun tura duk abin da ke bayansu gaba da 'yan ɗaruruwan baiti, sai bugun da ya kamata ya faɗa kan wani fankshin da ke bin dogon jerin ajent, wato masu POS ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya yana neman mutum guda ya faɗa kan maƙwabcinsa mai rubuta kwanan wata. Da a ce perf ya nuna mana lambobi tsirara ba suna, da tun a ranar farko mun san akwai matsala. Ni a wajena rahoton da ya ƙi ba da suna ya fi wanda ya ba da sunan wani alheri nesa ba kusa ba.

To da me za a tabbatar fayil ɗin da ake karanta sunaye daga cikinsa shi ne wanda ya gudu lokacin awo? Sunan fayil dai ya faɗi tun farko, libc.so.6 nawa ne a duniya, a kan sabar guda ma mai kontena goma, wato akwatunan da ake killace manhajoji a cikinsu, za ka iya samun iri huɗu duk a hanya ɗaya. Lambar siga ma ba ta isa ba, mu da kanmu sau nawa muke gina abu sau biyar a yini duk yana amsa 2.3.1, kuma kod ɗaya in ka canza komfayila, wato manhajar da ke juya kod ya zama bainari, ko ka canza saitinta daga -O2 zuwa -O3 jerin fankshin ɗin da girmansu sun canza. Kwanan watan fayil kuwa kwafi ɗaya ke goge shi. Wanda ya fi kama hankali shi ne a ce a yi wa fayil ɗin gaba ɗaya sha256sum, wato a lissafa masa hash, lambar da ke fitowa daga abin da ke cikin fayil kuma take canzawa in an taɓa ko baiti ɗaya, ni ma shi na fara kawowa, amma yana da illa biyu. Ta farko sai an karanta fayil ɗin tun daga farko har ƙarshe, wani bainarin ɗaruruwan megabait ne, ba abin da za a yi a cikin kanel ana tsakiyar aiki ba ne. Ta biyu ita ce babba, bainarin da ake turawa sabar ana aske masa bayanan dibog, wato sunaye da sauran bayanan da ake bin diddigin matsala da su, da umarnin strip don ya yi sauƙi, a ajiye bayanan a wani fayil daban, kaga yanzu fayil biyu ne masu hash daban alhali gini ɗaya suka fito, kuma su ne ake so a haɗa.

Maganin da mutanen Linux suka tsaya a kai shi ne a buga wa kowane gini lamba tun a masana'anta. Ka je Farm Centre ka ga wayoyi biyu samfuri ɗaya kala ɗaya a cikin gilas, mai shago ba ya rubuta maka "baƙar waya" a risit, *#06# zai danna ya kwafi IMEI, ko an canza mata murfi an liƙa sitika lambar tana nan. Lambar gini, wato abin da za ka gani an rubuta BuildID in ka buga file a kan bainari, kusan haka take, bambancin kawai ita ba ta kowane kwafi ba ce, ta ginin ce, kwafi dubu na gini ɗaya lambarsu ɗaya. Roland McGrath ne ya kawo tsarin a 2007 lokacin Fedora 8. Linka, wato manhajar da ke ɗinke gutsattsarin kod su zama fayil guda a ƙarshen gini, ita ke lissafa hash na abin da ta fitar ta rubuta shi a wani ɗan sashe mai suna .note.gnu.build-id. A linkar GNU ld in ka ce --build-id kawai SHA-1 take amfani da shi, baiti 20, wanda in an rubuta shi yake zama haruffa da lambobi 40. Kana iya zaɓar md5 ko uuid, ko ma ka ba ta lambar da ka ga dama. readelf -n zai nuna maka ita.

Daɗin abin shi ne ana buga ta ne kafin aski, kuma strip ba ya taɓa ta, don haka askakken bainari da fayil ɗin dibog ɗinsa duk lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Sannan tana zaune can farkon fayil a sashen da ake ɗorawa a memori, karanta ta ba ya buƙatar a bi fayil ɗin duka. A kan haka aka gina wurin ajiya, in lambar ta fara da 3f9c41 to fayil ɗin dibog yana /usr/lib/debug/.build-id/3f/ da sunan ragowar lambar da .debug a ƙarshe, haruffa biyun farko su ne folda. Babu ruwan kowa da sunan manhajar ko sigarta. Shi ma perf, wanda ya shiga kanel tun 2.6.31 a 2009, yana rubuta lambobin ginin fayilolin da ya taɓa a cikin perf.data, perf buildid-list zai jero maka su, yana kuma ajiye kwafin fayilolin a ~/.debug, in za ka kai rahoto wata kwamfutar sai ka buga perf archive ya ɗaure maka su a ƙunshi ɗaya ka tafi da su. In ya je buɗe rahoto ya tarar fayil ɗin da ke wurin lambarsa ta saɓa, zai ƙi karanta sunaye daga cikinsa ya bar maka lambobi.

To mu me ya same mu? Namu bainarin ba shi da lambar sam. Komfayilar da ke zuwa da Debian da Ubuntu da Fedora an saita ta tana sa linka ta buga lambar da kanta, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da ita ba, amma mu wata komfayila ce da wani ya haɗa da hannu shekarun baya muke ta gado, ita kuma ba a kunna mata wannan ba. Da babu lambar da zai gwada, sai perf ya koma ga abin da ya rage masa, hanya da sunan fayil, ya ga akwai fayil a wurin ya karanta. Tuta ɗaya ce a layin gini, -Wl,--build-id, rashinta ya ci mana kwana biyu ana jajibirin sallah.

Amma ko da lambar tana nan akwai wani rami da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne yaushe aka karanta ta. Shekaru da yawa al'adar perf record ita ce lokacin awo hanyar fayil kawai yake riƙewa da lambar inod ɗinsa, wato lambar da Linux ke gane fayil da ita a kan faifai, sai an gama, a daidai lokacin nan da ka danna Ctrl-C ka ga ya ɗan tsaya kamar ya maƙale, sannan yake bin bugun da ya tara yana buɗe kowane fayil da hanyarsa yana kwafo lambar. Yanzu ɗauka awon na awa guda ne, a tsakiya aka ɗora sabon gini ko apt ya sabunta wata laburare. A Linux manhajar da ke gudana za ta ci gaba da tsohon fayil ɗinta ko da an goge shi daga folda, amma wanda perf zai tarar a hanyar a ƙarshe sabon ne, sai ya rubuta lambar sabo a kan bugun tsoho. Daga nan duk wani bincike zai ce komai ya dace, shaidar ce kanta aka ɗauko daga aljihun wani. Haka in kontena ta mutu kafin a gama awo, fayilolinta sun tafi da ita, ba abin da za a buɗe. Wannan ne ya sa daga kanel 5.12 aka ƙara hanyar da kanel da kansa zai karanta lambar a daidai lokacin da ake ɗora fayil a memori ya sa ta cikin sanarwar, ana kunna ta da --buildid-mmap. Masu rubuta kayan awo da eBPF, wato ƙananan manhajojin da ake gudanarwa a cikin kanel, su ma suna da irinta, za su iya cewa kanel ya ba su lambar gini da wurin da bugun ya faɗa a cikin fayil maimakon adireshi tsirara. In sabarka irin wadda ake ɗora sabon abu sau uku a yini ce, to wannan ba ƙawa ba ce.

Mutanen Windows sun riga kowa shan wannan wahalar, nasu tsarin ma ya fi tsufa. Can sunaye suna zaune ne a fayil ɗin PDB, kuma duk exe ko dll na ɗauke da wani ɗan rubutu da ke farawa da RSDS, a cikinsa akwai GUID mai baiti 16, da wata ƙaramar lamba da ke ƙaruwa in an sake rubuta PDB ɗin, da sunan PDB ɗin. Haɗin waɗannan shi ne mabuɗin da ake zuwa da shi sabar simbol ta Microsoft, wato ma'ajiyar fayilolin sunaye, a karɓo daidai fayil ɗin da ya dace. Shi kuma exe ɗin kansa in shi ake nema, da tambarin lokacin da ke kansa da girmansa a memori ake nemo shi. Abin da ke kama baƙi shi ne a awon ETW, wato tsarin awon Windows, wanda ake ɗauka da WPR ko xperf a buɗe da WPA, kanel ba ya rubuta GUID ɗin lokacin awo, sai a matakin ƙarshe na haɗe fayil ne ake bin dll ɗin ɗaya bayan ɗaya ana ƙara shaidarsu, kuma dole a yi wannan a kan kwamfutar da aka yi awon. WPR yana yi da kansa in ka tsayar da shi yadda ya kamata, amma wanda ya kwashi ɗanyen fayil ɗin etl ya gudu da shi a filash zai je ya tarar ba suna ko ɗaya. Wani abin dariya kuma, in ka duba tambarin lokacin dll ɗin Windows 10 za ka ga wasu na cewa an gina su shekaru masu zuwa, wasu tun kafin a haife ka, ba agogonsu ne ya lalace ba, sun daina sa lokaci ne a wurin suka koma sa hash, don kod ɗaya ya riƙa fitar da fayil iri ɗaya duk sanda aka gina shi.

Na Apple gajere ne, kowane fayil ɗin Mach-O yana da LC_UUID, fayil ɗin dSYM ɗinsa na ɗauke da irinta, dwarfdump --uuid zai nuna maka duka biyun ka gwada, kuma in manhaja ɗaya ce mai ɗauke da na Intel da na arm64 to kowanne da tasa lambar. Android kuwa ɗan gidan Linux ne, simpleperf da lambar gini irin ta GNU yake aiki, wanda ke da amfani sosai a wajenmu tunda Tecno da Infinix da itel da Samsung ɗin da ke hannun mutane kowacce da nata libc.so, suna ɗaya ciki daban.

Da aka samu lamba tabbatacciya sai wani sauƙi ya biyo baya. A 2019 masu elfutils suka fito da debuginfod, sabar da za ka miƙa wa lambar gini ta miƙo maka fayil ɗin dibog, ko bainarin, ko ma kod ɗin asali. Fedora da Debian da Ubuntu da Arch duk suna da nasu a buɗe, ka saita DEBUGINFOD_URLS shi ke nan gdb da sauran kayan aikin da suka iya za su riƙa jawowa da kansu. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai wanda ya tsara shi da alama ba da data ɗin waya yake aiki ba. Bayanan dibog na kanel kaɗai ɗaruruwan megabait ne, ranar da na fara gwadawa a kan hotspot ban ankara ba sai saƙo na gani cewa data ta kusa ƙarewa. Yana dai ajiye abin da ya jawo a ~/.cache/debuginfod_client, don haka a ofis gara a sa kwamfuta ɗaya ta zama ita ke jawowa ta raba wa sauran, kuma ita ɗin za ka iya nuna mata folda ɗin gine-ginenku ta riƙa ba da naku simbol ɗin ma. Don kada a manta, sabar Ubuntu ba ta san manhajarka ba, abin da kai ka gina kai ne za ka adana fayil ɗin dibog ɗinsa, in ka bari ya ɓace lambar za ta gaya maka ne kawai ainihin abin da ka rasa.

Wani zai ce to ai in kod ɗin na nan sai a koma daidai wannan komit ɗin, wato yadda kod ɗin yake a lokacin, a sake ginawa. Wani lokacin ya yi, wani lokacin a'a. Linka na lissafa hash ɗin ne har da bayanan dibog, su kuma suna ɗauke da hanyar folda ɗin da aka yi ginin, don haka gini a /home/wane da gini a /build za su iya fitar da kod iri ɗaya sak amma lamba daban, perf ya ƙi karɓa alhali da ya karɓa da daidai ne. Masu fafutukar ganin gini na maimaituwa sun samar da -ffile-prefix-map da SOURCE_DATE_EPOCH saboda irin wannan, amma sai komfayila da laburare duk sun zama iri ɗaya, wanda bayan wata shida ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma ta ɗaya gefen, lamba ɗaya ciki daban, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Lambar gini ba sa hannu ba ce, ba kuma wanda ke sake lissafa ta ya tabbatar, abin da linka ta rubuta shi kowa ke gaskatawa. Duk abin da ya taɓa fayil bayan linka ta gama, irin su patchelf ko wani sikirif ɗin da ke cusa abu a ciki, zai bar tsohuwar lambar a kan fayil ɗin da ya canza. BOLT, wanda ke sake jera fankshin ɗin bainari don ya ƙara gudu, ya san da wannan shi ya sa yake juya bit ɗin ƙarshe na lambar don kada a ɗauke shi a matsayin na asali. Na kuma taɓa ganin inda aka rubuta lamba guda da hannu a fayil ɗin gini wai don abu ya riƙa fitowa iri ɗaya, kowane gini na shekara guda da lamba ɗaya, wanda gara ma babu. Saboda irin waɗannan da kuma bainarin da ba su da lambar sam, masu awon eBPF na OpenTelemetry sai suka ƙirƙiri tasu shaidar, su ɗauki baiti 4096 na farkon fayil da 4096 na ƙarshensa da tsawonsa su yi musu hash. Yaren Go ma ya daɗe da tasa lambar daban wadda kayan awon Linux ba sa dubawa, sai a siga ta 1.24 a 2025 linkarsa ta fara buga irin ta GNU ba tare da an roƙe ta ba.

Su Java da Node kuwa wani labarin ne, kod ɗinsu mai zafi ana ƙera shi ne a memori ana cikin gudu, babu fayil balle lamba. Abin da ake yi shi ne manhajar ta riƙa rubuta nata teburin a /tmp/perf-PID.map, Node da --perf-basic-prof, Python daga 3.12 da -X perf. Lambar PID, wato lambar da ake ba kowace manhaja mai gudana, ita kawai ke haɗa teburin da awon, ita kuma ana sake ba wa wani ita, don haka in ba ka kwafe fayil ɗin tare da perf.data a lokacin ba ka koma gidan jiya.

Mu dai bayan sallah muka sa tutar a layin gini, muka sa duk ginin da zai tafi sabar a fara cire fayil ɗin dibog ɗinsa a ajiye da sunan lambarsa, manhajar kuma tana rubuta lambarta a layin farko na log duk sanda ta tashi. Ƙanen nawa yanzu kafin ya nuna min kowane rahoto sai ya fara turo min abin da perf buildid-list ya fitar, wani lokacin har da tsokana, Yaya ga IMEI ɗin nan ka duba. Shi kuma fankshin ɗin neman ajent da muka sake awo da bainarin gaskiya a fili ya fito, gyaransa bai kai awa ɗaya ba. Tsohon perf.data na daren nan yana nan a wata folda a laftof ɗinsa, bainarin da ya gudu a daren kuwa mun rubuta sabo a kansa tun a ranar farko da muka ɗora gyaran kwanan watan.